Dokokin Kwas ɗin Kalkulas na Bana: Wanne Za Mu Karɓa, Wanne Za Mu Nemi a Gyara?

Wakilin Aji:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dakta ya ba ni takardar tsarin kwas ɗin kalkulas na wannan zangon, wanda kusan dukkansa intigireshan ne, wato lissafin tara ƙananan yankuna a samu jimlarsu, kamar faɗin filin da ke ƙarƙashin layi a giraf. Ya ce kowa ya karanta, mai magana ya kawo ta hannuna kafin laccar Litinin, daga nan an rufe ƙofa. Kwas ɗin yunit 3 ne, awa biyu ranar Litinin da ƙarfe 8 na safe, awa ɗaya ranar Alhamis. CA, wato makin ayyukan cikin zango, maki 30, jarrabawar ƙarshe maki 70. A cikin 30 ɗin akwai tes biyu, kowanne maki 10, ɗaya a mako na 6, ɗaya a mako na 11, sauran 10 ɗin na jinga ne. Wanda bai halarci kashi 75 cikin ɗari na lacca ba, ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba. Babu kalkuleta a tes, babu a jarrabawa. Waya ko a kashe take, in aka same ta a jikinka satar amsa ce. Amsar da ba a nuna hanyar da aka bi aka same ta ba sifili ce, ko da daidai ce. Jinga ana karɓa kafin a fara lacca, bayan nan ba a karɓa. An yarda a tattauna jinga tare, amma kowa ya rubuta tasa, in aka ga takarda biyu iri ɗaya duka biyun sifili. Wanda tes ya wuce shi ba a sake masa sai da takardar asibitin makaranta cikin kwana uku. Yana zama a ofis ranar Laraba daga 12 zuwa 2 don masu tambaya. To ga fili ga mai doki.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Shugaba, babu kalkuleta fa ka ce? Ni wannan ce ta tsaya mini a rai. Ko WAEC tana barin mutum ya shiga da ita. Casio fx-991ES ɗin da muka saya da kuɗinmu, a wannan tsadar, yanzu a ce mu bar ta a gida? Je ka masana'antun Sharaɗa ko Bompai ka gani, akwai injiniyan da yake zama da biro da takarda yana intigireshan? Kwamfuta ce ke yi musu. Me ya sa za a koya mana abu ta hanyar da ba haka ake yin sa a wurin aiki ba?

Yaya Nura:
Ƙanina, na riga ku yin kwas ɗin nan, kuma ina goyon bayan Dakta a kan wannan. Wannan Casio ɗin da ka ambata tana da maɓallin intigireshan a jikinta. Ka rubuta abin, ka sa iyakar ƙasa da ta sama, ta ba ka lamba. In an bar ta, duk tambayar da take da iyaka an gama amsa ta kafin mutum ya yi tunani. Amma abin da ya fi damuna shi ne, tana amsa abin da ka danna ne, ba abin da aka tambaye ka ba. Ɗauki taka yanzu ka gwada. A ce ka nemo faɗin filin da ke tsakanin sin x da layin x daga 0 zuwa 2π. Za ta ba ka 0, kuma ba ta yi ƙarya ba, intigiral ɗin 0 ne, domin rabin farko yana sama ya ba da 2, rabi na biyu yana ƙasa ya ba da −2, suka cinye juna. Amma faɗin filin 4 ne. Sai wanda ya zana giraf ɗin da hannunsa, ya ga inda layin ya tsallaka a π, zai san dole ya raba lissafin gida biyu. Sannan ka bar ma'aunin kusurwarta a digiri maimakon rediyan, ka yi sin x daga 0 zuwa π. Za ka ga wajen 0.086 a maimakon 2, kuma ba za ta ce maka uffan ba. Injiniyan da kake magana a kai, abin da ake biyan sa a kai shi ne ya kalli lambar da kwamfuta ta fitar ya gane ta yi hankali ko ba ta yi ba.

Ɗan Fagge:
Na gwada, 0.086 ɗin ta fito. Amma Yaya, wannan ai hujja ce ta a koya mana amfani da ita daidai, ba a ƙwace ta ba.

Ummi Ɗorayi:
Don Allah ku ɗan ajiye maganar kalkuleta, akwai wadda ta fi ta hatsari kuma ba wanda ya lura. Kashi 75 ɗin nan, da awa ake ƙirga shi ko da zama? Ba ɗaya ba ne. Zango mako 15 ne, awa 45 ke nan. In da awa ne, sai ka halarci awa 34, awa 11 kawai aka yafe maka. Litinin awa biyu ce, wanda ya rasa Litinin shida ya fita ko da bai taɓa rasa Alhamis ba. In kuwa da zama ne, zama 30 ne, ana bukatar 23, mutum zai iya rasa Litinin bakwai ya tsira. Ka ga mutum ɗaya, halarta ɗaya, a wani lissafin yana ciki a wani yana waje. Kuma Litinin ɗin ce matsalar. Wanda zai taso daga Hotoro ko Kurna ko Mariri ya hau adaidaita sahu biyu ko uku, ga cunkoson masu kai yara makaranta, ƙarfe 8 ba wasa ba ce. Takardar ba ta ce in ka makara da minti goma an sa maka ka zo ko ba ka zo ba. Ni ban ƙi dokar ba, amma a fayyace ta tun yanzu, kada sai ana saura mako ɗaya jarrabawa a liƙa sunaye a bango.

Wakilin Aji:
Ummi, wannan magana ce mai nauyi, na rubuta ta. Ni ma da na karanta ban ga inda ya bambance ba.

Sadiq Hotoro:
Gaskiyarta. Ni bakwai saura kwata nake fitowa kuma ba kullum nake riskar farkon lacca ba. A ƙara da cewa a riƙa nuna mana rajistar duk ƙarshen wata. Takardar sa hannu tana yawo a aji mai cike da mutane, wani lokaci ba ta kai layin baya ba an tashi. Wasu kuma suna sa wa abokansu hannu suna gida a kwance. Mai gaskiya ya rasa, wanda bai zo ba ya samu.

Malam Habu:
Salamu alaikum. Ni ne dattijon ajin nan, ina koyar da lissafi a sakandare na dawo ƙarin karatu, don haka na zauna a kujerar malami na kuma zauna a ta ɗalibi. Dokar kashi 75 ba Dakta ne ya ƙirƙiro ta ba, sananniyar doka ce a jami'o'in ƙasar nan, sai dai wasu malaman ba sa aiki da ita har mutane suka ɗauka babu ita. Abin da ake koyarwa ma ba son ransa ba ne. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ce ke tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar, kuma a sabon tsarin manhajar jami'o'i mai suna CCMAS da aka ƙaddamar a Disamban 2022 kashi 70 na manhaja daga hukumar yake, 30 aka bar wa jami'o'i. Saboda haka roƙon a rage mana darussa ba zai je ko'ina ba, kada ma mu ɓata bakinmu a kai. Abin da ke hannunsa shi ne yadda za a aiwatar, kuma a nan ne maganar Ummi da ta Sadiq suke da ƙarfi.

Amma ina so in faɗa wa ƙannena wani abu da ba a rubuta a takardar ba, wanda kuma shi ne zai kayar da mutane, ba kalkuleta ba. Dakta yana ɗauka cewa kun zo da aljabra da tirigonometiri da difarenshiyeshan (lissafin saurin canjin abu) a hannu. Ba zai tsaya ya sake koyar da su ba. Intigireshan kansa sau da yawa layi ɗaya ne, layi biyar ɗin da ke gabansa aljabra ce. Ɗauki 1/(x² − 1). Wanda ya iya fasa shi gida biyu ya zama rabin 1/(x − 1) a cire rabin 1/(x + 1), ya gama, sauran logaridim ne kawai. Wanda bai ga cewa x² − 1 shi ne (x − 1)(x + 1) ba, zai zauna yana kallon takarda har a ce a ajiye biro. Haka sin²x, ba yadda za ka yi da shi sai ka tuna cewa daidai yake da (1 − cos 2x)/2. Wannan darasin SS2 ne. Mako biyun farko, kowa ya koma ya ɗauko tsohon littafinsa ba tare da jin kunya ba.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri Malam. To tunda lokaci ya yi mana kaɗan, me ya sa jadawalin da ke bayan takardar ya ba wa jimlar Riman mako biyu cur? Zana 'yan akwatuna a ƙarƙashin layi ana tarawa, alhali akwai fomula da za ta ba ka amsa a layi biyu. Da an ba wa dabarun warware intigireshan, irin hanyar musanya da hanyar u da dv, wannan lokacin.

Malam Habu:
Ɗana, waɗannan akwatunan su ne intigireshan ɗin. Fomular gajeriyar hanya ce da aka gano daga baya. Arkimidis ya nemo faɗin yankin farabola ta hanyar cika shi da ƙananan siffofi masu kusurwa uku tun fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya samu kashi 4/3 na babbar siffar da ke ciki. Ibnul Haisam, wanda ya rayu a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya nemo jimlar lambobi masu ƙarfin huɗu don ya auna cikin abin da farabola ke bayarwa in an juya ta. Duk tarawa suke yi. Sai a ƙarni na 17 Niyuton na Ingila da Laibiniz na Jamus suka kafa cewa tarawar nan da difarenshiyeshan juyin juna ne, alamar ∫ da muke rubutawa ma Laibiniz ya fara amfani da ita a 1675. Duk da haka sai a 1854 Riman ya zauna ya fayyace abin da ake nufi da intigiral da kuma lokacin da yake da ma'ana. Wanda ya tsallake wannan ya haddace fomula kawai, ga abin da zai same shi: a ba shi 1/x² daga −1 zuwa 1. Zai ce −1/x, ya sa iyakoki, ya samu −2, ya ja layi biyu a ƙasa. Alhali 1/x² ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili, ta yaya tara abubuwan da duk suke sama da sifili zai ba da −2? Layin ya tsinke a x = 0, ya tafi sama ba iyaka, intigiral ɗin ba shi da amsa. Mai tunanin akwatuna zai ga haka kafin ya sa biro. Ni a ganina mako biyun nan su ne mafi daraja a zangon.

Maman Khairat:
Assalamu alaikum. Na karanta komai, kuma ina neman afuwa zan mayar da mu kan dokar tes. An ce sai da takardar asibitin makaranta cikin kwana uku. To ni matar aure ce da yara biyu, kuma ba ni kaɗai ba ce a ajin nan. In ɗana ne ya kwana da zazzaɓi aka ba shi gado a asibitin da ke kusa da mu, ni lafiyata ƙalau, asibitin makaranta ba zai ba ni takarda ba tunda ba ni ce mara lafiya ba. In rasuwa aka yi a gidanmu ranar tes fa? A garin nan da safe ake rasuwa kafin azahar an kai mutum, kuma ba wanda zai bar zaman makokin mahaifinsa ya zo ya rubuta intigireshan. Haihuwa fa? Dokar ta san ciwo ɗaya ne kawai, na jikin ɗalibi. Maki 10 ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya rasa tes ɗaya, ko ya cinye sauran duka CA ɗinsa 20 ne, sai ya ci 50 cikin 70 kafin ya ga A. Mai matsakaicin ƙoƙari kuwa, wannan 10 ɗin ita ce tsakaninsa da kariyoba, wato faɗuwa da maimaita kwas ɗin. Kuma kwas mai yunit 3 in ka faɗi, sifili ne a lissafin CGPA, wato matsakaicin makinka na duk karatun, yunit ɗin kuma suna nan a ƙirge, ga shi wasu kwasa-kwasan aji na gaba a kansa aka gina su. Ba alfarma nake nema ba. Hanya nake so a rubuta, wadda kowa zai bi ba tare da ya je yana roƙo a bakin ofis ba.

Sadiq Hotoro:
Anti, Allah ya raya su. Amma ki duba ta ɓangarensa. In ya buɗe ƙofar rasuwa da jinyar dangi, wallahi ranar tes rabin ajin nan sai an yi musu rasuwa. Kin san halinmu. Shi kaɗai ne da ɗaruruwan takardu, ba zai iya shirya sabon tes ga kowane mutum ba.

Maman Khairat:
Ƙanina, don wasu za su yi ƙarya ba a hukunta mai gaskiya. Ba na ce ya shirya wa kowa nasa ba. Rana ɗaya tak a mako na 13, duk wanda kodinetan aji, wato malamin da ke kula da ajinmu, ya tantance uzurinsa ya zauna a rubuta tare. Katin asibitin yaro yana da kwanan wata, rasuwa kuwa ba a ɓoye ta, mai unguwa ya sani, limami ya sani. In ma sake tes ɗin ne wahala, akwai malaman da suke ɗaukar abin da mutum ya ci a jarrabawar ƙarshe su auna masa makin tes ɗin da ya rasa da shi. Wannan ba ya cin lokacin kowa.

Yaya Nura:
Ina tare da Anti a nan. Ina kare dokar kalkuleta da ta nuna hanya domin suna auna ko ka iya lissafin. Wannan kuwa ba ta auna komai sai sa'ar mutum a ranar.

Aisha S.:
Ni tambayata kan amsa daidai a ba ta sifili ne. In na iya yin abu a kaina, me ya sa za a tilasta mini rubuta layi goma? Kuma an ce har + C ɗin da ake ƙarawa a ƙarshen amsar intigireshan ana cire maki in ka manta. Wannan bai yi tsanani ba?

Yaya Nura:
Aisha, ba layi goma ake nema ba, matakan da suke ɗauke da tunani ake nema: me kika ɗauka a matsayin u, me du ya zama, iyakoki sun canza ko ba su canza ba. Kuma dokar nan gata ce a gare ku, ku karanta ta ta ɗaya gefen. In hanya ake bai wa maki, to wanda ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a alamar debewa a layin ƙarshe zai kwashi mafi yawan makin. Maganar C kuwa, gwada wannan da ƙawarki. Ku yi intigireshan na sin x cos x, ke ki ɗauki u = sin x, ita ta ɗauki u = cos x. Ke za ki samu sin²x/2, ita za ta samu −cos²x/2. Amsa biyu daban, kuma duk daidai ne, domin bambancinsu 1/2 ne cif, tunda sin²x + cos²x = 1. C ɗin nan ce ta haɗiye bambancin. Mai duba takarda in bai ga hanyarku ba, ta yaya zai san ba kuskure ɗayarku ta yi ba? In kuka je kwas ɗin da ake ba ku saurin mota a ce ku nemo inda take, C ita ce inda motar ta taso. A manta da ita, amsar ta tashi daga aiki.

Abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe a ɗakin jarrabawa: intigireshan ne darasin da za ka iya duba amsarka da kanka ba kalkuleta. Ka samu x eˣ − eˣ + C a matsayin amsar x eˣ? Yi masa difarenshiyeshan. eˣ + x eˣ − eˣ, saura x eˣ. Ka dawo inda ka taso, ka san ka ci kafin ka miƙa takarda.

Ɗan Fagge:
To na karɓi wannan. Amma ga inda ban sauka ba. A jadawalin akwai dokar tarafiziyam da dokar Simson, hanyoyin ƙiyasta amsar intigiral da lambobi, a mako na 12. Malam Habu zai gyara mini in ba haka ba ne, amma dalilin koyar da su shi ne akwai abubuwan da ba su da amsa ta fomula ko kaɗan, irin e^(−x²) da masu ƙididdiga suke aiki da shi kullum. To ta yaya zan nemo e^(−0.25) da e^(−0.5625) da ka a cikin jarrabawa? A nan hana kalkuleta ba ya gwada fahimta, ninkawa da rabawa na firamare yake gwadawa, yana cin lokaci a banza.

Malam Habu:
Babu gyara, haka yake. Liyubil na Faransa ne ya tabbatar tun shekarun 1830 cewa irin waɗannan ba su da amsa cikin fomulolin da muka saba da su. Wannan hujjar taka ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ita ya kamata Shugaba ya kai. Ko dai a bar ƙaramar kalkuleta wadda ba ta da maɓallin intigireshan, ko a ba da ƙimomin a jikin takardar tambaya.

Sadiq Hotoro:
Saura jinga, kuma a faɗi gaskiya. Maki 10 ɗin nan kyauta ce ga duk mai data. A ɗauki hoton tambaya da Photomath ko a jefa wa ChatGPT ko WolframAlpha, ga amsa da matakai. Wanda ya zauna ya yi gumi ya samu 7, wanda ya kwafa ya samu 10. Ni da za a ji tawa, a soke jinga a mayar da ita ɗan gajeren gwaji na minti goma a farkon lacca.

Ummi Ɗorayi:
A farkon laccar ƙarfe 8? Sadiq, kai da ka ce ba kullum kake riskar farkonta ba? Wannan ai mu na nesa za a sake dannewa.

Malam Habu:
Sadiq, wanda ya kwafa ya samu 10 ɗin, amma akwai 90 da za a rubuta ba waya a hannu. Intigireshan kamar hadda ce, wanda ba ya tilawa kullum ranar da aka ce ya tashi ya karanta zai ji ta zube, ko da jiya ya saurari mai karatu mai daɗi. Difarenshiyeshan yana da dokoki da in ka bi su dole ka isa. Intigireshan ba haka yake ba, sai ka kalli tambaya ka gane wace hanya za ta buɗe ta. x cos(x²) musanya yake so, x cos x kuwa u da dv, ga su kamar tagwaye a ido. Wannan ganewar ba ta zuwa ta kallon amsar wani, sai hannunka ya bi ta kan tambayoyi da yawa, ka ɗauki hanyar da ba ta ɓulle ba ka dawo. Ni ban ce a guji waɗannan manhajojin ba. Ka yi naka tukuna, sannan ka duba da su, ka zana giraf ɗin a GeoGebra ko Desmos ka ga filin da kake aunawa da idonka. Kuma a sani ChatGPT yana iya kuskure a lissafi ya kawo shi da cikakken ƙarfin hali, wanda bai iya ba ba zai gane ba.

Wanda ke tambayar ina amfanin duk wannan, ya tsaya a gidan mai ya kalli yadda ake auna tankin da ke kwance. Santimita ɗaya a kusa da ƙasan tankin ba ta kai yawan litar santimita ɗaya a tsakiyarsa ba, domin cikinsa zagaye ne. Jadawalin da ke mayar da zurfi zuwa lita daga intigiral na √(r² − x²) ya fito, wanda za mu yi da musanyar x = r sin θ a mako na 8. Mitar wutar gidanku ma abin da take yi ke nan, tana tara ƙarfin da ake ja a kowane lokaci ta mayar da shi yunit.

Aisha S.:
Malam, na gamsu da wannan. Amma takarda biyu iri ɗaya duka sifili fa? In ni na yi tawa, wata ta ce in ara mata ta duba, ta kwafe ban sani ba? Kuma lissafi ne, in mu biyu muka bi hanya ɗaya ai dole rubutunmu ya yi kama.

Yaya Nura:
Hanya ɗaya ba ta sa a kama mutum. Abin da ke tona asiri shi ne kuskure iri ɗaya a layi ɗaya, ko a tsallake mataki ɗaya a wuri ɗaya. Shawarata, kada takardarki ta bar hannunki. Mai son taimako ku zauna ki yi mata bayani a wata takardar daban, ta koma ta rubuta tata.

Wakilin Aji:
Jama'a barkanmu da yamma. Na samu Dakta bayan azahar, ya ba ni lokaci sosai. Halarta da awa ake ƙirgawa, don haka lissafin Ummi na farko shi ne daidai, awa 34 cikin 45. Ya ce wanda ya shigo kafin 8:15 an sa masa awa biyu, wanda ya shigo bayan haka amma kafin 9 an sa masa awa ɗaya, kuma ya yarda in riƙa ɗaukar hoton rajistar duk ƙarshen wata ina sakawa a nan. Jingar Litinin ma zuwa 8:15 ɗin ce, bayan nan ya ce ko ni na kawo ba zai karɓa ba. Kalkuleta bai sauya ba ko kaɗan, amma da na karanta masa maganar Ɗan Fagge ya ce hujja ce mai kyau, duk tambayar Simson ko tarafiziyam za ta zo da ƙimominta a rubuce. Maganar Anti Maman Khairat ce ba ta samu yadda muke so ba. Ya ce ya fahimta, amma ba zai sa kansa alƙalin wane uzuri ne na gaskiya ba. In kodinetan aji ko shugaban sashe ya rubuto masa cewa an tantance, zai ba da tes ɗin, in babu takarda babu tes.

Maman Khairat:
Na gode Shugaba, Allah ya biya ka. To ai ƙofar ba ta rufe ba, wurin bugawa ne ya canza. Zan rubuta takarda zuwa ga kodineta a daren nan, in nemi a sa jinyar ɗa ko iyaye, da haihuwa, da rasuwar makusanci cikin uzurin da za a tantance, kuma kwana ukun ya zama mako ɗaya ga wanda aka yi wa rasuwa. Zan zo da ita ranar Litinin. Ina roƙon maza ma su sa hannu, kada a ɗauka matsalar matan aure ce kawai.

Sadiq Hotoro:
Zan sa, Anti. Har yanzu ina ganin wasu za su yi wasa da ita, amma tunda tantancewa za a yi, ba ni da ja.

Ummi Ɗorayi:
Ni ma zan sa. Yaya Nura, jingar farko ta fito, tambaya ta uku ta tsayar da ni: x/√(x + 1) daga 0 zuwa 3. Na gwada u da dv abin sai tsawo yake ƙarawa. Ba amsa nake so ba, a nuna mini bakin zaren kawai.

Yaya Nura:
Hanyar da kika ɗauka za ta kai ki, amma akwai ta kusa. Ɗauki u = x + 1, sai x ya zama u − 1, ki raba abin gida biyu kowanne ya zama u mai ƙarfi kaza. Kada ki manta iyakokin sun tashi daga 0 da 3 sun koma 1 da 4. In kin gama ki yi wa amsar difarenshiyeshan kafin ki sa iyakokin. Duk mai son mu bi irin waɗannan tare, ina masallacin sashe ranar Asabar bayan la'asar, kowa ya zo da tambayoyin da ya riga ya gwada da hannunsa.